Kafin ku sayi fom: wace sakandare ce ta dace da yaronku a Kaduna?

Daga Kawo har Kakuri, da wuya ku shiga makarantar da ba ta rubuta kalmomi uku a jikin get ko a kan fom ba: tarbiyya, shugabanci, nasara. Rubuta su ba ya cin ko kwabo. Aikin da ke kan iyayen da ɗansu ya gama aji shida shi ne gano inda kalmomin nan suke aiki da gaske, kafin Satumba ta zo a kai shi JSS1. Shekara 6 zai yi a can, daga kimanin shekara 12 zuwa 18, lokacin da hali yake zama daram. A ganina ma'aunin da ya fi faɗin gaskiya shi ne yadda makaranta take damƙa iko a hannun ɗalibai, da abin da babba yake yi wa ƙarami idan malami ba ya wurin. Da shi zan auna zaɓin da muke da su.

Tsofaffin makarantun gwamnatin jiha sun fi kowa dogon tarihi a nan. An kafa Kwalejin Barewa a Katsina a 1921, aka kawo ta Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949. A cikinta Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu, haka Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Yakubu Gowon, da Murtala Muhammed, da Shehu Shagari, da Umaru Musa 'Yar'aduwa. A garin Kaduna akwai Kwalejin Gwamnati ta Kurmin Mashi, da Kwalejin Rimi, da Sardauna Memorial, da Queen Amina ta 'yan mata a Kakuri. Abin da ya yi wa irin waɗannan makarantu suna shi ne an saba ɗora wa yaro nauyi tun yana ɗalibi. Firifet ne yake tashin ɗaki da asuba, shi ke raba shara, shi ake tambaya idan ƙaramin yaro ya kwana da zazzaɓi. Kuɗin da iyaye ke kashewa kaɗan ne, kuma yaro yana cuɗanya da 'ya'yan kowa, ɗan direba da ɗan ɗan kasuwa a benci ɗaya. Sai dai sunan makaranta ba ya shiga aji ya koyar. Inda aji ya cika maƙil, malami ba zai san wane ne ya fahimta ba, kuma inda malamai suka yi kaɗan, ikon da aka bai wa siniyoyi yakan koma cin zali. Yaron da ke da himma, wanda kuma ake bibiyarsa a gida, zai iya fita da abin kirki. Yaro mai sanyin hali yana iya shekara shida babu malamin da ya riƙe sunansa. Ku binciki ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai tana raye, domin a makarantun nan sau da yawa su ne ke gyara ɗakin gwaje-gwaje da tona rijiyar burtsatse.

Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Malali, wadda aka buɗe a 1973, tana cikin makarantun haɗin kan ƙasa. Ana shiga ne ta jarrabawar gama-gari da NECO take shiryawa 'yan aji shida, saboda haka wanda yake so sai ya fara shiri tun farkon shekara. Tana da wani amfani da nake ganin ya fi nauyi a Kaduna fiye da sauran garuruwa. Tun bayan rikicin addini na shekarar 2000, zaman garin ya rabu sosai, Musulmi sun fi yawa a arewacin kogi, Kirista a kudu. Yaro zai iya tashi a Rigasa ko Sabon Tasha bai taɓa yin aboki daga ɗaya ɓangaren ba. A makarantar da ta haɗa yara daga jihohi daban-daban, wanda aka ba firifet dole ya koyi yi wa wanda ba addininsu ɗaya ba adalci, kuma wannan darasi ne da babu littafin da zai koya masa.

Makarantun soja, irin su Command da ta sojan sama, suna karɓar 'ya'yan farar hula, kuma iyaye da yawa suna zuwa ne saboda horo: zuwa a kan lokaci, tsafta, bin umarni. Makarantar Soja ta Zariya, wadda ta faro a 1954, tata hanyar daban ce, domin horon soja ne zalla tare da karatu. Abin lura ɗaya ne. Bin umarni ba shi ne kamun kai ba. Akwai yaron da tsarin yake gyarawa, akwai kuma wanda yake koyon yin shiru kawai. Ku ne kuka san ɗanku.

Makarantun kuɗi su ne inda ake buƙatar buɗe ido sosai, domin suna ɗaya ne ya haɗa abubuwan da ba su da alaƙa. Akwai manya a Malali da Unguwar Rimi da Barnawa masu ƙananan azuzuwa da ɗakin kwamfuta, akwai kuma gidan haya mai ɗaki shida da aka kafa wa allo. Tambaya ta farko ita ce rajista da hukumar tabbatar da ingancin makarantu ta jihar Kaduna, ta biyu kuma ko makarantar tana da cibiyar WAEC da NECO ta kanta ko kai yara take yi wani wuri. Sai malamai. A 2017 gwamnatin jiha ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, 21,780 suka kasa kai makin da aka gindaya, kuma labarin ya sa iyaye da dama suka ƙara guje wa makarantun gwamnati. Amma malaman makarantun kuɗi ba su zauna wannan jarrabawa ba, don haka rashin jin labarinsu ba shaida ba ce a kansu. Ku tambayi malamai nawa ne ke da rajistar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa, kuma malamin lissafi shekara nawa ya yi a wurin. Makarantar da ke sauya malami kowane zango saboda ƙarancin albashi ba za ta iya gina hali ba, don tarbiyya sai da wanda ya daɗe da sanin yaro.

Raunin da ya fi damuna a wasu makarantun kuɗi shi ne yadda ake naɗa hedboi da hedgel. Idan iyaye suka zama kwastomomi, muƙamin yakan tafi wurin ɗan wanda ya fi ba da gudummawa a bikin yaye ɗalibai. Yara suna gani, kuma darasin da suke ɗauka shi ne muƙami na mai uwa a gindin murhu ne. Makarantar da ta san abin da take yi tana da ƙa'ida a rubuce: mai so ya nema, malamai su tantance halinsa da karatunsa, ya tsaya a asembili ya faɗi abin da zai yi, ɗalibai su kaɗa ƙuri'a. Bayan haka akwai malamin da ke zama da firifet-firifet yana jin rahotonsu, akwai kuma hanyar sauke wanda ya zalunci na ƙasa da shi. Ku tambayi shugaban makaranta kai tsaye: ranka ya daɗe, an taɓa cire firifet a nan, kuma me ya yi? Shin firifet yana da ikon bulala? Idan ɗan aji ɗaya yana da ƙorafi a kan siniya, wurin wa zai je ba tare da an rama a kansa da dare ba? Wanda ya amsa da misali, ba tare da ya kama sunan yaro ba, ya san makarantarsa. A makarantar da ta haɗa maza da mata, ku duba ko hedgel tana da aiki na gaske ko riƙe tuta kawai ake ba ta.

Makarantun da suka haɗa boko da Islamiyya da hadda su ne suka fi jan hankalin iyaye a unguwanninmu yanzu, kuma dalilin a fili yake: ba sai an yi ta jigilar yaro daga boko zuwa Islamiyya da yamma ba. Wasunsu suna sa ɗalibai su rubuta jarrabawar NBAIS, hukumar nazarin Larabci da addinin Musulunci, wasu kuma suna shiga musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato take shirya matakinta na ƙasa tun 1986. Ku nemi jadawalin mako ku ƙirga sa'o'in da aka ba lissafi da Turanci da kimiyya, ku ƙirga na hadda da muraja'a. Makarantu kaɗan ne suka iya riƙe biyun ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. Kuma izu nawa yaro ya haddace ba ya gaya muku yadda yake yi wa mai shara magana.

Maganar nasara kuwa, kada ku tsaya a allon da aka liƙa hotunan yara biyar masu A1. Ku nemi sakamakon aji gaba ɗaya na shekara 3 a jere: nawa suka zauna, nawa suka samu kiredit 5 har da Turanci da lissafi. Sannan ku ajiye shi kusa da makinsu na JAMB, wanda ake yi a kwamfuta a kan maki 400. Idan kowa ya ci WAEC tas amma yawancinsu sun yi ƙasa sosai a JAMB, akwai alamar tambaya. Haka idan 'yan SS3 sun ninka 'yan SS2 yawa, wato baƙi ne ke zuwa yin rajista saboda an san ana ba da amsa. Wannan ita ce cuta mafi muni, domin yaron da malaminsa ya rubuta masa amsa a allo ya koyi cewa manya ma suna maguɗi, kuma duk wa'azin asembili ya tashi a banza. Nasarar da ta fi tabbas ita ce wadda aka samu a waje: muhawara tsakanin makarantu, gasar lissafi, kulob ɗin kimiyya da fasaha na JETS, wasanni. Ku tambaya ko yara biyu ne ake ta turawa kullum ko ana bai wa kowa dama.

Kwana ko jeka-ka-dawo? Makarantar kwana ta fi koya wa yaro riƙe kansa, amma bayan sace ɗaliban Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun a Yulin 2021 da na Kuriga a Maris 2024, babu mai laifi idan ya fara da tambayar katanga da masu gadi da nisan makaranta daga gari. Ta jeka-ka-dawo tana barin tarbiyya a hannunku, sai dai ku lissafa kuɗin Keke ko motar makaranta, da lokacin da yaro zai ɓata idan zai tsallaka gada kullum.

Ku kai ziyara a ranar karatu, ba ranar da aka gayyaci iyaye ba. Ku isa lokacin tara ko lokacin tashi, ku leƙa banɗaki da masallaci, ku ga wa yake ɗaukar jakar wa. Ku nemi a rubuta muku kuɗin shekara gaba ɗaya, har da yunifom, littattafai, darasin yamma, kuɗin PTA da na jarrabawar SS3, domin cire yaro a tsakiyar SS2 saboda kuɗi ya fi masa illa fiye da fara shi a makaranta mai sauƙi tun farko. Idan da hali ku samu wata uwa da ɗanta yake JSS2 a wurin, ku tambaye ta yadda ya ƙare da siniyoyi a shekararsa ta farko.