Takwarar Inna ta shiga koyon kiɗa a Mancesta

Yaya, gaisuwa mai yawa. Ya damina, ya su Inna da yara? Na ji an ce kogi ya fara taɓa gonakin fadama a wajen Ringim, Allah ya tsare.

Ka tambaye ni abin da ke cin kuɗina a nan Ingila bayan haya da wuta. Zan faɗa maka ɗaya, amma kada ya kai kunnen Baba tukuna: takwarar Inna tana koyon kiɗa. Fiyano ake ce wa abin, akwati ne babba mai madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36, kowanne da tasa murya. Duk Asabar nake kai ta gidan wata dattijuwa, minti 30 kacal, kuma ana biyan kuɗin zango gaba ɗaya tun kafin a fara. Ranar da ba ka zo ba, kuma ba ka sanar da wuri ba, kuɗinka ya tafi. Na yi ta ƙorafi a raina har na saba.

Na san abin da za ka ce. A wajenmu kiɗa gado ne. Ɗan makaɗi ke ɗaukar kalangu, yana bin uban gidan biki da kasuwa, ana zungurinsa in ya kuskure, har hannu ya faɗa. Babu wanda ya taɓa ce masa ya kai mataki na kaza, kuma ɗan malami ko ɗan mai gari ba ya kusantar wannan sana'a. A nan kuwa yaran da muke haɗuwa da su a bakin ƙofa 'ya'yan likitoci ne da lauyoyi, iyayen suna alfahari da abin kamar yadda muke yi da sauka.

Abin da ya ja hankalina shi ne littafin. Matar nan tana da ɗan littafi na kowane yaro. Duk mako ta rubuta abin da aka yi, inda yatsa ke tuntuɓe, da layukan da za a maimaita a gida kullum, ni kuma in sa hannu. Wallahi sai ya tuna mini Malam a tsangaya, yadda ba ya bari ka wanke allo sai ka biya masa ba gargada. Ita ma ba ta ƙara sabon darasi sai na baya ya zauna. Har da wata 'yar na'ura mai ƙas-ƙas da ke riƙe wa yaro lokaci, in ya yi gaggawa ta tona shi.

Sannan akwai jarrabawa. Wata hukuma ce mai suna ABRSM, tun 1889 take wannan aiki, matakanta 8. Baƙo ne ke zuwa ya saurara, ba malamar ba. Yaro ya kaɗa waƙa uku da ya shirya, a ba shi rubutun kiɗan da bai taɓa gani ba ya karanta nan take, a gwada kunnensa. Maki 150 ne, da 100 ake ci. Daga mataki na 6 zuwa sama takardar tana ƙara wa yaro maki wajen neman jami'a, kuma gaskiya wannan ne ya sa uwar takwarar Inna ta shawo kaina.

Sai dai ban yarda sun fi mu komai ba. Na ga yarinyar da ta kai mataki na 5, aka ɗauke takarda daga gabanta ta tsaya cik. Mai kalangun garinmu bai san baƙi ko ɗaya ba, amma yana hango ka daga nesa zai sa fata ta kira sunan kakanka.

Na saya wa takwarar Inna fiyano na lantarki, na hannu, tana sa abin kunne saboda maƙwabta, don bangon gidajen nan kamar zana yake. In ka shiga kasuwa ranar da makaɗan mahauta suka fito, ɗauko mini su a waya ka turo ta WhatsApp. Malamar ce ta roƙa, na ba ta labarin gangar da ke magana ta ƙi yarda.

A gaida Inna, a ce mata takwararta ta kusa kai izu biyar.