Gargaɗi: Masu damfara da sunan tafiyar hawan dutse zuwa Amedzofe da Wli

Assalamu alaikum 'yan uwa na Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina. Duk sanda Sallah ko hutun ƙarshen shekara ya gabato, tallan tafiyar shaƙatawa zuwa duwatsun yankin Volta yakan cika WhatsApp da TikTok. Akwai masu shirya ta tsakani da Allah. Amma 'yan damfara sun shiga sha'anin, kuma samari da 'yan matanmu masu tara kuɗi da kyar su ne suke faɗawa hannunsu.

Tallan yana zuwa da hotuna masu ɗaukar ido, waɗanda aka kwaso daga shafukan wasu: gicciyen ƙarfe da ke ƙwanƙolin dutsen Gemi a Amedzofe, gadar igiya ta magangarar ruwan Ote, da ruwan Wli yana kwararowa. Sai a rubuta cewa a yini guda za a kai ku Amedzofe, ku hau dutsen Afadjato, ku ga magangarar ruwan Wli ta ƙasa da ta sama, a dawo Akra, har da abinci da riga, a kan kuɗin da ko hayar mota ba zai biya ba. Araha ba ta ado. Da ka nuna sha'awa za a ce saura kujera biyar, ka tura kuɗin duka yau ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya. A sa ka a wani zauren WhatsApp wanda shugabansa kaɗai ke iya rubutu, yana ta liƙa hotunan rasit na waɗanda wai sun biya. Daren tafiya a ce mota ta lalace, an ɗaga zuwa Asabar mai zuwa. Kafin Asabar ɗin an rushe zauren, layin waya a kashe.

Lissafin lokaci kaɗai ya isa ya tona asirinsu. Daga Akra akan bi ta Tema, Kpong, Atimpoku, a haye gadar Adomi, sannan a Asikuma hanya ta rabu, ɗaya ta nufi Ho, ɗaya ta nufi Kpeve da Hohoe. Zuwa Hohoe awa 4 ne zuwa 5, in ba a samu cunkoso ba, kuma Wli tana gaba da Hohoe da kusan kilomita 20. Daga ofishin karɓar baƙi zuwa magangarar ƙasa tafiyar ƙafa ce ta kusan minti 45 a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ana tsallake ƙananan gadoji. Ta sama kuwa hawa ne mai tsanani da ke cin awoyi, zuwa da dawowa. Afadjato daga ƙauyen Liati Wote yana cin kusan awa ɗaya a hawa, ga saukowa, wadda ta fi wahalar da gwiwa. Amedzofe kuma tana can wani ɓangare, kusa da Ho, a kan hanya mai kwana-kwana da ta bi ta Vane. A Gana rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara. Afadjato da Wli ta ƙasa a yini ɗaya yana yiwuwa in an tashi da asuba. Wanda ya ƙara Amedzofe da Wli ta sama a kai, ko bai taɓa zuwa ba, ko ba shi da niyyar kai ku.

Akwai wani salon da ya fi wannan haɗari, domin a nan mota tana zuwa. Tsohuwar trotro ce, wato ƙaramar bas ta haya, tayoyi sun suɗe, an cusa mutane fiye da kujeru. A gangaren Amedzofe direban da bai san hanya ba yakan danne birki ba sassauci maimakon ya sauko da ƙaramar giya, birkin ya yi zafi ya daina kamawa. In Allah ya kai ku lafiya, sai a bakin ƙofa ku ji ba a biya kuɗin shiga ba, kowa ya sake zaro nasa. Don gudun biyan ɗan jagora, sai mai shirya tafiyar ya ce ya san wata 'yar hanya. Kada ku bi shi. A damina duwatsun Ote da na Wli santsi gare su, hazo yakan rufe Amedzofe cikin ɗan lokaci, kuma Wli tana dab da iyakar Togo. 'Yan jagora na gari suna ofishin karɓar baƙi, a nan ake biya a karɓi rasit.

Kafin ko sidi ɗaya ya fita daga hannunka, nemi su nuna maka lasisinsu na Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Gana, wadda dokar 2011 ta ba ikon yi wa masu shirya tafiye-tafiye rajista, ka ga ofishin masu tallan da idonka. In matasan unguwa ne suka shirya, a san gidansu da iyayensu. Lokacin tura kuɗi ta *170#, lambar MoMo ta MTN, sunan mai karɓa yana fitowa kafin ka sa lambar sirri. In ya saɓa da na mai tallan, tsaya nan. Nemi lambar motar, ta haya rawaya ce, ka duba inshorarta ta *920*57#. Kada kafin alƙalami ya wuce kashi ɗaya cikin uku, sauran a biya a bakin mota. Ka tambayi mai shirya tafiyar inda za a yi Azahar da La'asar da inda abinci zai fito. Mai gaskiya zai ambaci Zangon Ho ko na Hohoe ba tare da inda-inda ba, kuma da yawanmu muna da dangi a can da za su iya tabbatarwa. Ya kamata kuma ya ce ku zo da takalmi mai kama ƙasa, da ruwa lita 2 ko fiye ga kowane mutum, da rigar sanyi in za a kwana. Wanda bai damu da takalminka ba, kuɗinka kawai yake hange.

Iyayenmu mata, don Allah ku tambayi yara wa suka tura wa kuɗin kafin ku ba su izini.

Wanda ya riga ya biya, ya yi hattara da kira na biyu. Za a bugo a ce za a maido maka kuɗinka, amma ka amince da saƙon da zai fito a wayarka ka sa lambar sirri. Karɓar kuɗi a MoMo ba ya buƙatar lambar sirri. Da ka sa, abin da ya rage a asusunka ya tafi. Ka adana saƙon turawar da lambar cinikin, ka ɗauki hoton hirarku da tallan kafin a goge. Kira MTN a 100 nan take, ka sanar da Hukumar Tsaron Intanet ta 292, sannan ku da abin ya shafa ku haɗu ku kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa, kowa da rasit ɗinsa.