Sulhun ciyarwa bayan saki a kotunan Shari'a na Kaduna: inda yake da amfani da inda yake da rauni

Yawancin matan da ke zuwa kotun Shari'a, ko ta Magajin Gari ko ta Rigasa, sukan zo da tsammanin alƙali zai yanka musu kuɗin wata har abada. A mazhabar Malikiyya da kotunan ke bi, ba haka abin yake ba. Wadda aka yi wa saki ɗaya ko biyu tana da ci da sha da wurin kwana har ta gama idda, wato tsarki uku. Mai saki uku wurin kwana kawai take da shi, sai in tana da ciki, to ciyarwa na nan har ta haihu. Daga nan sai haƙƙin yara da ladan shayarwa. Kyautar sallama, wato mut'a, mustahabbi ce, ba a tilasta ta.

Don haka matar da ta shekara 25 a ɗaki, ba sana'a, iyaye sun rasu, hanyarta ita ce sulhu. A ganinmu, nan ne sulhun kotu ya fi amfani. Alƙali kan ce, "Ku je ku zauna da waliyyanku, ku dawo mini da abin da kuka daidaita." In aka dawo da takarda, aka karanta a gabansa, kowa ya amsa, ya shigar da ita cikin hukunci, ta zama abin da kotu za ta iya tilastawa. Kuɗin da ake kashewa bai kai na doguwar shari'a ba, asirin gida kuma a rufe.

Raunin yana wajen rubutu. Sau da yawa takardar layi uku ce: "Alhaji zai riƙa taimaka mata gwargwadon hali." Wannan ba ya kama kowa. Dole a rubuta adadi, da ranar biya, da lambar asusun da za a tura, domin kuɗin hannu ba ya barin shaida. A raba nata daban, na yara daban, don in ta sake aure nata zai tsaya amma na yara ba ya faɗuwa. Kuɗin makaranta da na asibiti kowanne da layinsa. Kuma adadin da aka yanka bana, baɗi ba zai cika tukunya ba. Ya fi kyau a ɗaura wani ɓangare kan hatsi, misali buhun masara ɗaya duk wata uku, ko a sa sharaɗin sake duba adadin duk shekara.

Maganar gida ta fi kowace zafi. In tsohon mijin ya ce ya bar mata gidan Tudun Wada, to kyauta ce ko aron zama? In kyauta ce, ta karɓi mukullai da takardu, a je KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, a canja suna. A Malikiyya, kyautar da ba a karɓa ba har mai bayarwa ya rasu takan koma cikin gado, kuma magada ba su da labarin alkawarin baka.

Wani abin da ba mu ji daɗinsa ba: a zaman dangi akan bar matar a gefe, kawu da baffa na magana a madadinta, har a ce ta yafe haƙƙin yara don a zauna lafiya. Hajiya, ki nemi a karanta miki takardar da Hausa kafin ki sa hannu, ki kuma tafi da kwafi mai hatimin kotu.

Masu auren rajista nasu na Babbar Kotu ne, ƙarƙashin dokar aure ta 1970, inda alƙali ke da ikon yanka wa tsohuwar mata ciyarwa ko mijin bai yarda ba.