Karɓar kuɗin hula da USDT: yadda na samu manhajar biyan kuɗi

Sana'ata ita ce sayar da hulunan hannu waɗanda matan ƙauyenmu da ke gefen Ringim suke ɗinkawa, kuma cinikin yana zuwa ne ta WhatsApp da Facebook. Masu saye na cikin gida ba su da wata wahala, domin da zarar alat ya shigo sai a ba direba kaya. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen 'yan'uwanmu mazauna Ghana da Kamaru da Saudiyya, waɗanda a da sai sun nemi ɗan canji ko matafiyi kafin kuɗinsu ya iso hannuna. Saboda su ne na fara amfani da wata manhaja mai karɓar kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet, ta mayar da shi naira.

Rajistar ba ta da wuya, amma sai an ba da lambar BVN ko NIN tare da hoton fuska. Bayan an tantance mutum, manhajar tana ba shi adireshin walet, wato lambar asusun ajiyar kirifto, wanda zai aika wa mai saye, shi kuma ya turo USDT, wato kuɗin kamfanin Tether da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka. Na ƙi karɓar Bitcoin, wani nau'in kirifton, tun farko, domin farashinsa yana iya sauka tsakanin safiya da la'asar, alhali mai ɗinki ba ta san wannan zance ba, ladan aikinta kawai take jira. Kuɗin yakan bayyana cikin 'yan mintoci, kuma wannan saurin shi ne babban abin yabo, musamman idan mai saye ya bi ta layin TRC20 mai sauƙin caji, ɗaya daga cikin hanyoyin da ake tura USDT ta kansu.

Sai dai akwai abin da manhajar ba ta bayyana shi yadda ya kamata ba. USDT yana tafiya a kan layuka daban-daban, kuma idan mai saye ya zaɓi layin da bai dace da adireshin ba, kuɗin yana iya salwanta, babu reshen banki da za a je a kai kuka. Gargaɗin yana cikin ƙananan haruffa na Turanci, babu Hausa ko kaɗan, don haka nakan aika saƙon murya in yi wa kowane mai saye bayani kafin ya taɓa komai. Farashin canjin manhajar ma yana ƙasa kaɗan da na kasuwa, kuma idan aka haɗa da cajin cirewa da na mai POS, ribar hula ɗaya tana raguwa sosai. Ga shi sabis a ƙauye yana ɗaukewa, masu kula da abokan ciniki kuma ba sa amsawa da wuri.

Ta fuskar doka hankali ya fi kwanciya yanzu. Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kirifto a watan Fabrairun 2021, ya kuma janye haramcin a Disambar 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sanya harkar a ƙarƙashin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari. Duk da haka, yadda Binance, wata babbar kasuwar kirifto, ta dakatar da harkar naira a Maris ɗin 2024 ya sa ba na barin ko sisi ya kwana a walet. Ranar da kuɗi ya shigo, ranar nake mayar da shi naira in sallami masu ɗinki.

A ganina manhajar ta dace da wanda yake da masu saye a ƙasashen waje kuma yake sayar da kaya da yawa a lokaci guda. Wanda cinikinsa bai wuce Kano da Dutse da Haɗejia ba, asusun bankinsa ya ishe shi.