Wata 14 a cikin kwata: sharhina kan fim ɗin In Darkness

Daren Juma'ar da ta wuce na kalli In Darkness, fim ɗin da Agnieszka Holland 'yar ƙasar Foland ta ba da umarni, wanda ya fito a 2011. Karo na biyu ke nan da na kunna shi. Da farko a waya na gwada da rana tsaka, ban yi minti 20 ba na kashe, don babu abin da nake gani sai ɗigon haske yana yawo a baƙin allo. Duk mai son kallonsa ya bari sai dare, ya kashe fitilar ɗaki, ya sa shi a talabijin ko kwamfuta. Ya kusa awa biyu da rabi, kuma mafi yawansa a ƙarƙashin ƙasa ake.

Labarin ya faru da gaske a birnin Lviv, wanda yau yake Yukiren, amma kafin Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin Foland, da Yahudawa sama da 100,000 a cikinsa. Sojojin Jamus sun shiga garin a 1941, suka killace Yahudawa a unguwa guda. A tsakiyar 1943 suka zo share unguwar gaba ɗaya. Wasu mutane sun riga sun haƙa rami daga cikin ɗaki zuwa magudanar ƙazantar gari, inda kogin Poltva ke bi ta ƙarƙashin tituna, to ta nan suka zurara. A can suka faɗa hannun Leopold Socha, ma'aikacin gyaran kwata, wanda ya san lungunan nan kamar yunwar cikinsa.

Abin da ya kama ni shi ne yadda aka nuna Socha. Ɓarawo ne, ya taɓa zaman kurkuku, a cikin kwatar ma yake ɓoye kayan sata. Ba tausayi ya kai shi ba, ciniki ya yi da su: zuloti (kuɗin Foland) 500 kullum, shi kuma ya kawo burodi ya rufe bakinsa. Har lissafi yake yi a fili cewa in kuɗinsu ya ƙare zai iya miƙa su ga Jamusawa ya karɓi lada. Robert Więckiewicz da ya fito a matsayinsa bai yi ƙoƙarin sa mu so shi ba ko kaɗan. Sannu a hankali mutumin ya canja, ba tare da wani dogon jawabi ba, kuma na kasa nuna daidai inda canjin ya fara. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne lokacin da kuɗin Ignacy Chiger, ɗaya daga cikin masu ɓoyewar wanda yake biyan Socha, ya ƙare ƙarƙaf. Sai Socha ya ja shi gefe ya damƙa masa kuɗi daga aljihunsa, ya ce ya biya shi da su a gaban sauran, don kada a ce yana aikin banza. Kunyar alherinsa yake ji. Na tsayar da fim ɗin a nan na daɗe shiru. A lokacin fa hukuncin wanda ya ɓoye Bayahude a ƙasar kisa ne, kuma yana da mata da 'ya a gida.

Su ma waɗanda ke ɓoye ba a mai da su waliyyai ba. Suna faɗa kan abinci, suna zargin juna, mai kuɗi yana raina talaka, wasunsu ba su yarda da Socha ba ko na sisin kwabo. Akwai wanda ya bar matarsa da 'yarsa ya bi wata. Da Socha ya ce ba zai iya ɗaukar nauyin kowa ba, sai kaɗan, rigimar wa za a ɗauka wa za a bari ta fi ƙarfin kallo. Wannan ne ya sa na gaskata fim ɗin. Mutumin da ya yi wata da watanni cikin ɓeraye da kwarkwata da wari, ba ya iya miƙewa tsaye sosai, ba ya iya tari da ƙarfi don kada a ji shi a titi, ba za a same shi da halin malamin zaure ba. Wata mata ta haihu a ramin, kuma kukan jariri a wurin yana nufin mutuwar kowa. Ba zan faɗi yadda aka ƙare ba, amma duk uwa za ta ji shi a ƙirjinta.

Aikin mai ɗaukar hoto, Jolanta Dylewska, ya cancanci yabo. Hasken tocila da 'yar fitila kawai ake gani da su, har idona ya saba da duhun. Shi ya sa lokacin da Socha ya goya ƙaramar yarinyar nan Krystyna, 'yar Ignacy Chiger, wadda ta daina magana, ya hau da ita ya ɗaga murfin kwata don ta shaƙi iska ta ga rana, ni ma sai da na runtse ido. Harshe ma ba a yi ha'inci ba: ana jin Folanci da Yidish (yaren Yahudawan Turai) da Jamusanci da yaren Yukiren, kowa da bakinsa, sai fassarar Turanci a ƙasa.

Inda ban ji daɗi ba kuwa, akwai tsiraici da saduwar maza da mata fiye da sau ɗaya, kuma a ganina labarin zai tsaya da ƙafarsa ba tare da an nuna su haka ba. Ba fim ba ne na kallo da yara ko a gaban surukai. Sannan a rabin farko duhun yana sa fuskoki su cakuɗe, sai na koma baya kafin na gane wane ne wane. Soyayyar Mundek da Klara, wasu biyu daga cikin masu ɓoyewar, ma an ɗan ja ta.

Wani abokina da na ba shi labari ya ce, da abin da ke faruwa a Gaza, ina ni ina kallon wahalar Yahudawa? Na ce masa ciwon Gaza yana raina kamar yadda yake ransa, kuma shi ne ma ya sa ban iya kau da kai daga Krystyna, yarinya 'yar shekara 7, da ƙanenta suna kwana cikin najasa don kawai an haife su a wani gida ba.

A Yulin 1944 sojojin Tarayyar Sobiyet suka karɓe Lviv, mutum 10 suka fito da rai bayan wata 14. Krystyna Chiger ta girma ta zama likitar haƙori a Amurka, kuma koriyar rigar sanyin da ta sa a ramin tana gidan tarihin kisan ƙare dangin Yahudawa da ke Washinton. Fim ɗin ya shiga takarar Oscar a 2012, ɓangaren finafinan harsunan waje, bai ci ba. Socha kuwa bai daɗe ba bayan yaƙin. Motar sojan Sobiyet ta buge shi a garin Gliwice na Foland yana ƙoƙarin ture 'yarsa daga gabanta. Sai a 1978 cibiyar Yad Vashem, wato cibiyar tunawa da kisan ƙare dangin Yahudawa da ke Isra'ila, ta karrama shi da matarsa. Rubutun ƙarshen fim ɗin ya ce a wajen jana'izarsa wani ya furta cewa Allah ne ya hukunta shi don ya taimaki Yahudawa. Har aka kira sallar asuba maganar nan tana cina.