Wasiƙa daga Birmingham kan kyanwar Hajiya da karen gona

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, da Hajiya da Anti da yara baki ɗaya. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa, rana na faɗuwa tun ba a tashi daga aiki ba.

Saƙon muryar da ka turo ranar Juma'a ne ya zaunar da ni rubutu. A tsakiyar hira ka ce kyanwar Hajiya ta sake haihuwa a bayan randa, karo na uku ke nan tun azumin bara, biyu daga cikin 'ya'yan sun mutu, ita kuma ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Ka ce sauran an zuba su a kwali an kai bakin kasuwa. Kai ka wuce zuwa maganar taki, ni kuwa can na tsaya, domin na san wannan kwalin. Ina aji huɗu aka ba ni irinsa na kai bayan masallaci, kuma har yau ina jin yadda suke motsi a ciki, uwar tana bin mu tana kuka har bakin zaure. Shekara da shekaru na ɗauka haka rayuwar kyanwa take, babu yadda aka iya. Zamana a nan ya nuna mini akwai yadda aka iya, kuma ba abu ne da ya fi ƙarfinmu ba.

Bara wata maƙwabciyarmu 'yar Pakistan ta ba yara 'yar kyanwa mai wata biyu. A nan ba ka ajiye dabba haka kawai. Sai ka yi mata rajista a asibitin dabbobi na unguwa, da sunanka da adireshinka, kamar yadda ake buɗe wa yaro kati. Tun 10 ga Yunin 2024 doka ta wajabta a Ingila cewa kowace kyanwa a sa mata wata 'yar na'ura mai lamba a ƙarƙashin fatar wuya kafin ta cika mako 20, girmanta bai fi ƙwayar shinkafa ba, wanda ya ƙi kuma tararsa na iya kai fam 500. Karnuka tun 2016 aka fara da su. Ranar da muka je allurar farko, ma'aikaciyar ta buɗe kwamfuta ta ce in zaɓi ranar da za a yi mata aikin hana haihuwa idan ta kai wata huɗu. Na ce mata ai jaririya ce, a bari ta girma ta haihu ko sau ɗaya, kamar yadda muke cewa a gida.

Likitan da ta fito ba ta yi mini gardama ba, zama ta yi ta lissafa mini. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu. Cikinta mako tara ne kacal. Tana shayarwa ma tana iya sake ɗauka, shi ya sa takan haihu har sau uku a shekara. A ƙasashen sanyi gajeruwar rana ta hunturu tana ɗan dakatar da su, a wajenmu kuwa da hasken rana ba ya raguwa sosai, babu hutu. Ramar kyanwar Hajiya ke nan, Yaya. Ba mayu ba ne, ba kuma ƙarancin abinci kaɗai ba, jiki ne da ba a bar shi ya murmure ba. Sai ta kawo abin da ban taɓa ji ba: kyanwa ma tana yin sankarar mama, kuma a wajenta mafi yawan irin wannan ƙullutu mugu ne mai yaɗuwa, fiye da takwas cikin goma. Wadda aka yi wa aiki kafin ta cika wata shida, haɗarin yana raguwa da kusan kashi 90 cikin 100. Haihuwa sau ɗaya da nake roƙa mata ba ta ƙara mata lafiyar komai.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba sai da Abban yara ya tambayi wani malami a masallacin da yake zuwa a unguwar Small Heath. Malamin ya ce malamai sun saɓa kan fiɗiye dabbobi, wasu sun karhanta, wasu sun halatta idan akwai maslaha kuma ba a azabtar ba. Ya kawo hadisin da ke cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi layya da raguna biyu fiɗiyayyu, ya kuma ambaci fatawar Shehu Ibn Usaimin da ta halatta yi wa kyanwa idan yawansu na cutarwa kuma aikin ba zai cutar da su ba. Ni ba malama ba ce, kai ma ka tambayi naka malamin. Amma da na tuna hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, sai na auna shi da kwalin bakin kasuwa, na ga inda nauyin yake.

Ranar aikin mun kai ta ƙarfe takwas da rabi na safe, ba ta ci komai ba kamar yadda suka umarta. An auna nauyinta, an saurari zuciyarta, na sa hannu a takardar amincewa. Ƙarfe uku suka kira na je na ɗauko ta. Sun aske gefen cikinta na hagu daidai faɗin akwatin ashana, yankan bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, ta nan suka cire ƙwan haihuwa da mahaifa tana cikin allurar barci. Suka sa mata wani abin roba a wuya kamar mazurari don kada ta lashe ɗinkin, suka ba ni maganin zafi na ruwa da sirinji mai awo daidai nauyinta. Daren farko ta kwana a lungun kujera tana layi, ƙaramar 'yata na zaune kusa da ita ta ƙi cin abinci. Kwana biyu ta koma hawa taga. Kwana goma aka duba, wurin ya haɗe.

Na muzuru ya fi wannan sauƙi nesa, mintuna kaɗan ne, ko ɗinki ba a yi. Kuma a wajen muzuru ne ake ganin sauyin hali ƙarara. Ka tuna baƙin muzurun nan da ke kwana a kan katangarmu, kunne a yage, fuska duk tabo, wanda kukansa da dare ke hana Hajiya barci har ake cewa ba muzuru ba ne? Neman mace ne ke fitar da shi yawo unguwa-unguwa, shi ke sa shi faɗa, shi ke sa shi fesa fitsari mai ƙarni a jikin buhun hatsi da bakin ƙofa don ya shata yankinsa. A wajen cizon faɗan nan suke ɗaukar wata cuta mai karya garkuwar jikin kyanwa, wadda ba ta kama mutum amma ba ta da magani, ga ƙurji mai mugunya da ke biyo bayan kowane cizo. Idan aka fiɗiye shi da wuri, yawo da faɗa da fesa fitsari duk suna raguwa ƙwarai. Kamun ɓera kuwa yana nan, domin farauta ba daga nan take fitowa ba. Tamu ko a makon jiya sai da ta ajiye mini ɓera a bakin ƙofar kicin.

Kada ka ɗauka komai na nan daɗi ne. Mutum yana ganin likita kyauta, dabba kuwa ba ta da asibitin gwamnati. Aikin kyanwarmu ya ci kuɗin cefanen gidanmu na mako guda har da ɗoriya, na karya babba kuma ya ninka haka sau da yawa, kuma inshorar dabbobi da mutane ke biya wata-wata galibi ba ta ɗaukar wannan aikin. Abin da ya rufa wa masu ƙaramin ƙarfi asiri shi ne ƙungiyoyin agaji da suka daɗe: PDSA tun 1917 take duba dabbobin talakawa, Cats Protection da aka kafa a 1927 tana ba da takardar rangwame ka kai asibiti a yi maka da kuɗi kaɗan. Magen titi ma suna kama su da tarko, a yi musu aiki, a ɗan datse kan kunnen hagu don a gane an yi, a mayar da su inda suke. Wannan ne na fi yi wa sha'awa, ya fi mini kantunan da ke cike da gado da riguna da kayan wasan dabbobi, waɗanda rabinsu ɓarnar kuɗi ce. Abu ɗaya a kantin da na ga amfaninsa shi ne abincin da aka rage wa maiƙo, domin dabbar da aka yi wa aiki tana saurin ƙiba. Mu da muke ba su ragowar tuwo da kan kifi, rage yawa kawai ya isa.

Mu fa wannan ilimi ba baƙonmu ba ne. Wane gida ne a Zazzau bai san taure ba? Muna dandaƙe bunsuru don ya bar wari da bin awaki ya yi nama, muna fiɗiye bijimin huɗa don ya yi sanyin hali. Kare da kyanwa ne kawai muka bari, saboda ba a kai su kasuwa. Sai dai ina roƙonka, kada kowa ya gwada musu dandaƙa ko ɗaurin roba irin na awaki. Jikinsu ba ɗaya ba ne, azaba ce, kuma tana iya kashe su. Haka allurar hana haihuwa da wasu ke saya su yi wa kyanwa, ita kanta tana jawo ruɓar mahaifa da ƙullutun mama. Kuma ko da wasa kada a ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya ajalinta.

Maganar karnukan gona ta fi buƙatar natsuwa, don haka ba zan ce maka a yi gaggawa ba. Karyar dai ina ganin a yi mata. Galibi sau biyu a shekara take neman barbara, kowane karo kusan mako uku, ka kuma san yadda karnukan ƙauye ke cika gonar suna yayyaga juna a lokacin. Babban haɗarinta shi ne mahaifa ta cika da mugunya 'yan makonni bayan haka. Wani bincike a Suwidin ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na karyar da ba a yi wa aiki ba tana kamuwa da wannan kafin ta kai shekara 10. Alamarsa yawan shan ruwa, kasala, ƙin abinci, wani lokaci ruwa mai wari ta baya, kuma in ba a yi tiyata da sauri ba mutuwa take yi. Ina zargin abin da ya kashe jar karyar Baba ke nan, wadda muka ce guba aka ba ta. Akwai kuma wannan tsiro mai zubar jini a al'aurar karnuka da muke gani a titunan gida. Sankara ce da ke bi ta barbara daga kare zuwa kare. A nan ta ɓace tun da aka daina barin karnuka suna yawo sakaka.

Namijin kuwa, fiɗiya tana rage masa tsinke igiya ya bi mace, da hawan abubuwa, da ɗaga ƙafa a kowane lungu, tana kuma raba shi da sankarar maraina. Gadi ba ta hana shi, haushin baƙo yana nan. Amma karen da ke cizo saboda tsoro, fiɗiya ba ta gyara shi, wani ma ƙaruwa yake yi. Likitocin nan da yawa ma yanzu sun daina yi wa manyan karnuka da wuri, tun bayan jerin binciken jami'ar Kalifoniya ta Davis da ya fara fitowa a 2013, wanda ya nuna yin aikin kafin ƙashi ya gama girma yana ƙara ciwon gaɓoɓi a wasu manyan jinsuna. A ƙasar Nowe (Norway) ma doka ba ta yarda a yi wa kare ba sai da dalili. Saboda haka naka ɗan wata bakwai, a bar shi ya haura shekara, likita ya gan shi ya yanke.

Abin da ba zai jira ba shi ne allurar haukan kare. Nan rabon da a samu cutar a karnukan ƙasar tun 1922, shi ya sa yaro ke shafa karen da bai sani ba a lambu uwarsa ba ta ko ɗaga kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Fiɗiya ba ta maganinta, allura ce ke yi, kuma a Vom ta jihar Filato ake haɗa ta. Sai dai kowane kwikwiyon da aka haifa ba mai so aka jefar a juji, kare ne da ba wanda zai kai shi allura, kuma a hanyar makarantar yaranmu zai girma.

Likitoci muna da su. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, bai kai tafiyar rabin awa daga gida ba, kuma irin aikin da aka yi wa tamu suna koyar da shi. Na tura kuɗi ta asusunka jiya. Ka fara zuwa ka tambayi farashi da ranar da suke tiyata, ka gaya musu yaushe ta haihu, domin sai nonon ya ƙafe tukuna, kuma ta ɗan yi ƙiba. Kafin nan a riƙa ba ta kifi ko ƙwai kullum, a kuma hana ta fita da dare. A ɗauke ta cikin kwando mai murfi da tsumma a ƙasa, kada a sa ta a buhu. Bayan aiki a ajiye ta a ɗakin Hajiya kwana goma, wuri mai tsabta inda ƙuda ba zai sami ɗinkin ba. Idan kuɗin ya yi saura a yi wa karnukan biyu allura a tafiya ɗaya.

Idan akwai wanda ya san inda aka ajiye kwalin, a aika yaro ya duba ko da sauran mai rai, a dawo wa uwar da shi.

Ka gaishe mini da Hajiya ƙwarai, ka ce mata zan kira ta ranar Lahadi bayan la'asar na yi mata bayani da bakina.

Ƙanwarka,
daga Birmingham