Wata 16 da sabuwar mota: yadda ciniki ya kaya da abin da garanti ya tsinana mini

Wata 16 ke nan da na ɗauko motar nan sabuwa dal daga wurin dilan da kamfanin ya amince da shi, ta kuma ci kilomita 27,000 da ɗoriya. Sai yanzu nake jin ina da bakin magana a kanta. Ita kanta motar ba ta ba ni kunya ba. Ƙaramin inji ne mai silinda 4, ba ta zuƙar mai, giya na shiga sumul, in ka rufe gilashi ba ka jin hayaniyar titi sosai. Aibinta guda da nake gani kullum shi ne kujerar baya ta matse wa manya uku. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka sayar mini da ita, da takardar garantin da ta biyo ta.

Ranar da na fara zuwa, mai sayarwar ya tarbe ni da fara'a, ya ba ni makulli na zagaya da motar. Muna zama sai ya ce, "Yallaɓai, nawa za ka iya biya duk wata?" Na ce masa ba wannan na zo ji ba, kuɗin motar gaba ɗaya nake so ya rubuta mini a takarda, har da haraji da rajista da duk wani ƙari. Dalilina shi ne, in aka ja biyan bashi daga wata 36 zuwa wata 60, abin da kake bayarwa duk wata zai ragu, ka ji kamar an yi maka sauƙi, alhali jimillar da za ta fita daga aljihunka ta ƙaru. Da takardar ta zo, sai ga abubuwan da ban nema ba sun yi layi a ƙasa: baƙin gilashi, shimfiɗun ƙasa, wani shafe da aka ce yana kare fenti, da kuɗin cike takardu. Na sa biro na soke uku.

Tsohuwar motata ma ya so a haɗa ta cikin cinikin. Na ƙi, na ce a gama da sabuwa tukuna, domin in aka cakuɗa su, abin da aka rage maka a nan za a iya zare shi a can ba ka sani ba. Na taya, ya ce ba zai yiwu ba, ya shiga wurin manaja ya fito da ragi ɗan kaɗan. Na yi godiya na tashi, da takardun wasu dilolin biyu a hannuna, kuma na bari ya gan su. Bayan kwana biyu, wata na dab da ƙarewa, ya kira ni da kansa ya sallama a kusa da abin da na taya. Masu sayar da mota da yawa suna da adadin da ake so su cika duk wata, shi ya sa ƙarshen wata yake da daɗin ciniki. Ban ga laifinsa ba, sana'arsa yake yi, kuma bai taɓa yi mini ƙarya a kan abin da na tambaya kai tsaye ba.

Garantin da kamfanin ya bayar na shekara 3 ne ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce mutane ke tsallakewa. Mai yawan tafiya zai iya cinye kilomitocin tun shekara ta biyu ba ta ƙare ba. Kafin in sa hannu na bincika yadda wasu ke yi, na ga Kia na ba da shekara 7 a Turai, Hyundai kuma a Amurka na ba da shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya ga wanda ya fara sayen motar. Ko kamfani ɗaya ne, alƙawarinsa kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka abin da ka karanta a intanet ba lallai ne ya shafe ka ba. Na sa aka buga lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, a kwamfutarsu a gabana, na ga ranar da garantin zai fara aiki ta yi daidai da ranar da zan karɓi motar.

Ana gab da gamawa aka shigar da ni wani ofis, aka miƙo mini ƙarin garanti na shekara 2. Na nemi in tafi da shi gida in karanta. A shafi na farko na gane ba kamfanin da ya ƙera motar ne zai biya ba, wani kamfani ne daban, kuma duk gyara sai na fara ajiye wani kaso daga aljihuna. Ban saya ba. Sun tabbatar mini zan iya saye daga baya, muddin na asali bai ƙare ba.

A wata na 11 na'urar sanyaya mota ta daina sanyi, sai iska mai ɗumi da wata ƙara in na kunna. Da na kai, ma'aikacin bai ko buɗe bonet ba. Littafin sabis ya fara karɓa, ya bi shafi-shafi da yatsa yana duba hatimi da kilomitan da aka yi kowane juyen mai. Da ya ga babu wanda na tsallake, sai ya ɗago ya ce, "Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe, wannan namu ne." Kwamfuresa, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi, ce ta lalace, suka sa sabuwa, ko sisi ban biya ba. A nan na huce takaicin tsadar sabis ɗinsu, don gaskiya bakanikena na da zai yi mini juye a ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Inda raina ya ɓaci shi ne jira. Kwana 19 motar na ajiye ana jiran kaya su iso, ba su ba ni motar aro ba, kuma in ban kira ba babu mai kira na. Da na yi magana, aka nuna mini cewa takardar ba ta yi alƙawarin motar aro ba. Haka ne kuwa, na duba, babu. Ban tambaya ba ranar ciniki, lokacin da bakina ke da nauyi. Fatar birki da na canja kwanan baya ni na biya, domin duk abin da ke cinyewa da aiki, irin su birki da taya da robar share gilashi, garanti bai ɗauke shi ba, wannan kam na sani tun farko.

Saura kilomita 3,000 in kai ta sabis na gaba, na riga na kama rana. Zan tafi da takardar ƙarin garantin nan, in sake tambayarsu ko akwai irin wanda kamfanin da ya ƙera motar ke bayarwa da kansa, kuma ko za su rubuta motar aro a ciki.